Tambaya da Amsa: Shin In Faɗa wa Ɗana Gaskiyar Maradona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 14 wanda ƙwallon ƙafa ta shiga ransa, har abokansa na unguwa suna kiransa Maradona, shi kuma ya manna hoton ɗan wasan a ɗakinsa. Ni kaina masoyin Maradona ne tun ina saurayi, amma na san abubuwan da aka faɗa game da shaye-shayensa da sauran halayensa. Shin in zaunar da yaron in faɗa masa, ko in bar shi da gwaninsa? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka faɗa masa, kuma ka faɗa masa da bakinka tun kafin ya tsinci labarin a waya ko a gidan kallo, inda za a ba shi ko dai yabo zalla ko zagi zalla. Sai dai ka fara da ba Maradona haƙƙinsa, domin yaro ba ya sauraron wanda ya fara da kushe abin da yake so.

Diego Maradona ya taso ne a Villa Fiorito, wata unguwar talakawa a gefen birnin Buenos Aires, bayan an haife shi cikin rashi a garin Lanús da ke kusa da nan a shekarar 1960. Ya jagoranci Ajantina ta ci kofin duniya a Meziko a 1986, sannan ya ɗauki Napoli, ƙungiyar kudancin Italiya da manyan ƙungiyoyin arewa suka raina, ya ciyo mata kofin gasar ƙasar a 1987 da 1990, abin da ba ta taɓa samu ba kafin zuwansa. Wannan duk gaskiya ne, kuma babu laifinsa da zai goge shi.

Amma ka nuna wa yaron wasan Ajantina da Ingila na ranar 22 ga Yuni, 1986, domin mutumin gaba ɗayansa yana cikin wannan wasa. Ƙwallon farko da hannu ya tura ta a kan golan Ingila, Peter Shilton, alƙalin wasa bai gani ba, shi kuma bayan an tashi ya jingina abin ga hannun Ubangiji, maganar da ko a wasa bai dace ta fito daga bakin mutum ba. Minti huɗu bayan haka ya ɗauko ƙwallo daga ɓangarensu, ya yanke 'yan wasan Ingila ɗaya bayan ɗaya har da golan, ya zura ta a raga. Ha'inci da baiwa a cikin minti huɗu, daga mutum guda.

Daga nan al'amarin ya yi ta lalacewa. A 1991 an same shi da hodar iblis a jikinsa yana Napoli, aka dakatar da shi na wata 15. A farkon 1994 ya harbi 'yan jarida da bindiga mai aiki da iska a ƙofar gidansa, daga baya kotu ta yi masa ɗaurin talala. Mu 'yan Najeriya kuwa muna da namu kason a cikin labarin, domin wasansa na ƙarshe a rigar Ajantina da mu ya yi shi, ranar 25 ga Yuni, 1994, a Amurka. Samson Siasia ne ya fara ci, Claudio Caniggia ya rama biyu, aka tashi biyu da ɗaya, kuma waɗanda suka kalli wasan ba za su manta da ma'aikaciyar nan da ta riƙo hannun Maradona daga fili zuwa wurin gwaji ba. Gwajin ya nuna ƙwayar efedrin, wadda aka haramta wa 'yan wasa, aka sallame shi daga gasar, ya fito yana cewa an yanke masa ƙafafu, alhali da hannunsa ya miƙa wuƙar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na uba kamarka, ba ƙwayar ba ce. An haifa masa ɗa a Napoli a 1986, ya musanta yaron, har kotun Italiya ta tabbatar nasa ne, amma sai da yaron ya kusa shekara talatin kafin uban ya rungume shi a bainar jama'a a 2016. Shaye-shaye cuta ce da mai ita ya fi kowa shan wahalarta, kuma ana iya tausaya masa, amma gudun ɗa zalunci ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Yana da kyau yaron ya san cewa laifin gwanaye ba iri ɗaya ba ne. Lance Armstrong, Ba'amurken da ya lashe tseren keke na Faransa sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, an ƙwace duka kofunan a 2012 saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, ya kuma amsa laifinsa a 2013. Shi nasarar tasa ce ƙarya. Maradona kuwa baiwarsa ta gaske ce, rayuwarsa ce ta karkace, shi ya sa da ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 60, Ajantina ta yi zaman makoki na kwana uku, Napoli kuma ta sa wa filin wasanta sunansa.

Saboda haka kada ka yage hoton, kada kuma ka hana a kira shi da laƙabin, domin hani irin wannan ƙara wa yaro kwaɗayin abu yake yi. Ku zauna tare ku kalli ƙwallaye biyun nan na 1986, sannan ka tambaye shi wacce daga ciki zai so a ce shi ya ci, ka kuma yi shiru ka saurari amsarsa.