Harhaɗa Godot ya tsaya da "Killed": ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sauko da kod ɗin Godot, injin ƙera wasannin kwamfuta, a kwamfutarka mai Linux da RAM 8GB, ka buga scons (manhajar da ke harhaɗa kod ɗin ya zama shirin da za a iya kunnawa), aiki yana tafiya sai ya tsaya da saƙon "Killed signal terminated program cc1plus", kana tambaya ko fayilolin ne suka lalace. Kar ka sake saukewa. Ni sau biyu na goge na sake kafin na gane inda gizo ke saƙar.

RAM ce ta ƙare maka. A Godot 4, wanda ya fito a 2023, idan zaren furosesa (yawan ayyukan da take iya yi a lokaci guda) sun wuce huɗu, SCons yana ɗaukar duka ya bar ɗaya kacal, kowane zare kuma yana harhaɗa nasa fayil na C++, wasu fayilolin ma manya ne ƙwarai. Idan bakwai suka taru a lokaci guda, sai Linux ya ga babu wuri, ya kashe ɗaya. Ranar da abin ya same ni, fanka tana ta kuka, linzami ya daskare a tsakiyar allo kusan minti guda, sannan saƙon ya fito. Maganin shi ne ka rage masu aikin zuwa biyu da -j2:

scons platform=linuxbsd target=editor -j2

Rufe burauza kafin ka fara, in da hali ka ƙara swap, wato wurin da Linux ke ara a diski idan RAM ta cika. Zai ɗauki lokaci, ka je ka yi wata hidimar. Abin daɗin shi ne SCons ba ya maimaita abin da ya riga ya gama, daga inda ya tsaya zai ci gaba. Kuma kar ka saka production=yes yanzu. Yana kunna LTO, wata dabarar ƙara wa shirin sauri, wanda a matakin ƙarshe na haɗa fayiloli yake cinye gigabait da yawa shi kaɗai, ka ga an kusa gamawa sannan komai ya rushe. Wannan ya fi ciwo.

Sai kuma reshen da kake kai. Idan git clone kawai ka yi, kana kan master, inda ake zuba sabon aiki kullum. Koma kan sigar da aka saki, misali git checkout 4.3-stable.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma zai tare ka gobe. Abin da zai fito a cikin foldar bin editan ne kawai. Wasan da za ka ba mutane da samfurin fitarwa (export template, wato injin ba tare da edita ba) ake gina shi, shi kuma daban ake harhaɗa shi, da target=template_release. Na taɓa gyara wani abu a cikin injin, na gwada a edita yana aiki lafiya lau, na fitar da wasan sai gyaran ya ɓace. Kwana biyu ina zargin kod ɗina, ashe samfurin da na sauko da shi tun farko nake amfani da shi. Dole ka harhaɗa naka daga kod ɗaya da editan, ka nuna wa saitin fitarwa inda yake.

A nan ne ma wahalar take biya. Idan wasanka 2D ne, saka disable_3d=yes a samfurin, ka kashe modul ɗin da ba ka buƙata, fayil ɗin zai ragu sosai. Lasisin MIT ya ba ka damar yin duk wannan. Amma fa in ba gyaran injin ko rage girma kake so ba, wanda aka riga aka harhaɗa ya ishe ka.

Idan ya sake tsayawa da -j2, turo mana layuka ashirin na ƙarshe da abin da umarnin duba RAM, free -h, ya nuna, mu duba tare.