Hayaƙin Salkadamna

Tambaya: Malam, ni mai sayar da ƙanƙara ce a Tawa. Ɗaukewar wuta ta sha narkar mini da jari, shi ya sa nake ɗokin tashar wutar lantarki mai aiki da gawayin ƙasa da za a gina a Salkadamna, nan jihar Tawa. Amma autana yana fama da asma. Hayaƙin ba zai cutar da shi ba?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Damuwarki tana kan hanya. Wuta kam muna buƙata, kowa ya ji a jikinsa da Najeriya ta yanke mana ita a 2023. Kuma ƙona gawayin ƙasa don samar da wuta ba baƙo ba ne a Nijar, kamfanin gawayin ƙasa na SONICHAR na yi a Anu Araren, jihar Agadas, tun 1981.

Abin tsoro shi ne toka mai laushi da iskar farar wuta, su ke shiga ƙirji. Tokar ana kama ta da matatar lantarki ko buhunan tacewa kafin ta kai bakin bututu. Iskar kuwa ana wanke ta da ruwan farar ƙasa, irin dutsen da masana'antar Malbaza ke yin siminti da shi. Waɗannan na'urori suna da tsada, kuma ɗora su daga baya ya fi tsada. Ni dai ina roƙon hukuma ta sa su cikin yarjejeniya tun kafin aikin ginin ya yi nisa.