MacBook, Core i7 ta hannu, ko sabuwa a kwali: wacce ta dace da kuɗina?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina aji uku a fannin tsara birane. Na fi shekara ina tara kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, daga baya mahaifina ya cika mini. Na zaga kasuwa na samu guda uku da kuɗina zai kai: MacBook Air mai M1 ta hannu, da wata HP ta hannu da mai shago ya ce Core i7 ce, sai kuma sabuwa dal a kwali mai Celeron da RAM 4. Yayana ya dage sai dai in ɗauki MacBook, wai ba ta kama bairos kuma batirinta yana wuni. A sashenmu kuwa ArcGIS da AutoCAD muke aiki da su. Wallahi tsoro nake ji kada kuɗin nan su tafi a banza. Wacce za ka ba ni shawara in saya?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa kuɗin albarka, ya saka wa mahaifinki da alheri.

Rabin amsar tana cikin wasiƙarki, a wurin da kika ambaci ArcGIS. Manhajar taswira ta ArcGIS Pro, wadda kamfanin Esri ke yi, a kan Windows kaɗai take aiki. AutoCAD, manhajar zanen gine-gine, tana da zubin Mac, amma 'yan'uwanta da za ki iya cin karo da su nan gaba, irin su Revit da Civil 3D, ba su da shi. Duk wanda ya zo mini da batun sayen kwamfuta, kafin in ji nawa ke hannunsa sai na tambaye shi manhajojin da zai riƙa buɗewa kullum, domin su ne ke zaɓar masa babbar manhajar da za ta tafiyar da na'urar. Ke naki sun riga sun zaɓar miki Windows.

Duk da haka yayanki bai faɗi ƙarya ba, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Tun da Apple ya fito da furosesarsa ta M1, wato ƙwaƙwalwar na'urar, a watan Nuwamba na 2020, samun kwamfutar da ta kai MacBook Air riƙe caji a wannan farashi abu ne mai wuya. Kamfanin ya ce tana iya kai awa 18 tana nuna bidiyo, kuma ko ta hannu ce, in batirin bai gaji ba, mutum zai yi aikin wuni bai nemi soket ba. Ba ta da fanka a ciki, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu, ba ta ƙara. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da a ce ke 'yar jarida ce, ko mai haɗa bidiyo, ko mai koyon ƙirƙirar manhajojin iPhone, wanda dole sai da Xcode, ita kuma a Mac kaɗai ake samunta, da ni ma MacBook ɗin zan ce ki ɗauka.

Matsalar ita ce M1 ta rufe ƙofar da tsofaffin Mac suka bari a buɗe. A da, masu Mac mai furosesar Intel suna amfani da Boot Camp su raba na'urar gida biyu, su sa Windows a gefe guda. A kan M1 babu wannan. Abin da ya rage shi ne a tayar da Windows a cikin wata manhaja irin Parallels, wadda kuɗi ake biya, sannan RAM 8 ɗin (ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta) da yawancin MacBook Air na hannu ke zuwa da shi sai a raba shi tsakanin manhajoji biyu. Ki ɗora taswirar gari guda a kan wannan ragowar, za ki ga yadda aiki ke tafiyar hawainiya. Kuma ba a ƙara wa M1 RAM, ba a canja mata ma'ajiya, duk a manne suke a jikin bod tun daga kamfani. Yadda kika saye ta haka za ta tsufa a hannunki. In sikirin ya fashe kuwa, kuɗin canja shi yakan ci wani babban kaso na kuɗin kwamfutar, kuma ba kowane mai gyara ne ke da kayanta ba.

Batun bairos kuma, Mac ma tana kamuwa, sai dai masu kai hari sun fi yawa a kan Windows saboda masu amfani da ita sun fi yawa. Yawancin kwamfutocin ɗalibai da ake kawo mini da ciwo, ta hanya biyu ya shiga: filashin da ya zaga shagunan buga takardu, da manhajojin sata da aka sauke daga inda ba a sani ba. Mai gadin da ke zuwa a cikin Windows, wato Windows Security, ya wadatar in ana barinsa ya sabunta kansa.

Sabuwar ta kwali ki bar ta inda kika gan ta. Celeron da RAM 4 an yi su ne don buga wasiƙa da leƙa intanet, kuma da yawansu ma'ajiyarsu ƙarama ce mai suna eMMC, wadda ba ta kai ma'ajiyar SSD sauri ba. Kafin ki gama zangon karatu ɗaya za ki fara neman mai saye.

Saura HP ɗin, kuma a nan nake so ki nutsu, domin a nan aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Kalmar Core i7 ita kaɗai ba ta gaya miki komai. Intel ya fara amfani da wannan suna tun 2008, kuma kusan kowace shekara sai ya fitar da sabon zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. Ana gane zubin ne daga lambar da ke biye da sunan. In kin ga i7-6600U, lambar farko 6 ce, zubi na shida ke nan. In kin ga i5-8250U, na takwas ne. Daga na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-1135G7, wanda yake na sha ɗaya. To, i7-6600U ma'aikata biyu ne kawai a cikinta (abin da ake kira cores, masu raba aiki a tsakaninsu), ita kuwa i5-8250U huɗu ne. Wato wadda sunanta ya fi ƙanƙanta ta fi wadda ake yi wa kirari ƙarfi nesa ba kusa ba, amma sau da yawa a kasuwa za ki tarar an fi tsawwala wa mai tambarin i7 kuɗi, saboda an san tambarin mai saye yake kallo.

Akwai dalili na biyu da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da wani ɗan ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma, wadda ta fito a 2021, a ƙa'ida tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen ta kamfanin AMD daga jerin 2000, tare da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Shi ya sa manyan kamfanoni a Turai da Amurka suka yi ta sauke tsofaffin kwamfutocinsu, su ne kuma suka cika shagunan Computer Village a Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Center a Kano. EliteBook 840 G3 da ake gani ko'ina, alal misali, zubi na shida ce. Za ki iya tarar da ita da Windows 11 a kai, domin akwai dabarar da ake tsallake sharaɗin a ɗora ta da ƙarfi, amma Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da aika wa irin wannan na'ura gyara ba. Don haka ganin Windows 11 a sikirin ba hujja ba ce. Ki karɓi kwamfutar da hannunki, ki shiga Settings, sai System, sai About, ki karanta lambar da idonki. Kada ki dogara da sitikar da ke manne a jiki, ana ɓare ta a liƙa wata.

Shawarata ke nan: in HP ɗin nan ta kasa zubi na takwas, ki ajiye duka ukun ki nemi ta huɗu. Ki nemi kwamfutar hannu daga cikin waɗanda aka ƙera domin ma'aikatan ofis, irin ThinkPad ta Lenovo, ko Latitude ta Dell, ko EliteBook ta HP. Jikinsu ya fi na waɗanda ake yi wa 'yan gida ƙwari, ana kwance su da sukundireba cikin sauƙi, kuma kayan gyaransu, daga batir har kibod, suna nan birjik a kasuwanninmu. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da Latitude 5490 yawancinsu 'yan zubi na takwas ne, kuma kowaccensu tana da gurbin RAM biyu, wato ko da 8 kika saya, gobe in kin samu kuɗi sai ki ƙara. Su ne mafi ƙarancin abin da zan yarda ki saya. In kuɗin sun kai, ki matsa gaba zuwa zubi na goma ko sha ɗaya, ko Ryzen 5 na jerin 4000 ko 5000, irin su ThinkPad T14 ko EliteBook 840 G8. Ga aikinki ina so ki kai RAM 16 da SSD mai girman gigabait 512. In zaɓi ya zo tsakanin i7 mai RAM 8 da i5 mai RAM 16 'yan zubi ɗaya, ki ɗauki ta biyun ba tare da waiwaye ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma nagartar a cikin na'ura take, tambarin murfi ba ya buɗe taswira.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye miki ba: waɗannan da na lissafa yawanci ba su da katin hoto na musamman. Za su ɗauki taswira da zanen AutoCAD na shimfiɗe lafiya lau, amma in aikinku na aji huɗu da biyar ya kai ga gina birni mai tsayi da faɗi da zurfi a sikirin, za su yi nishi. Masu wannan aikin su ne ZBook da Precision da ThinkPad na jerin P, masu katin NVIDIA, sai dai suna da nauyi a jaka, suna shan batir, suna da tsada. Ki tambayi 'yan ajin da ke gabanki abin da malamai suke nema a aikin kammalawa kafin ki yanke hukunci.

Ban manta da Linux ba, wato wata babbar manhaja kamar Windows, kuma ina ƙaunarta. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma na sha farfaɗo da tsofaffin kwamfutocin da aka fid da rai da su ta hanyar sa musu Linux Mint. Wanda ke da na'ura 'yar zubi na shida a gida kada ya yar da ita, wannan ce mafitarsa. Amma ArcGIS Pro da AutoCAD ba sa hawa kanta, don haka ba taki ba ce a yanzu. Abin da za ki ɗauka daga wannan ɓangare shi ne QGIS, manhajar taswira ta kyauta da ke aiki a Windows da Mac da Linux. Ki koye ta tun kina makaranta, domin lasisin ArcGIS yana da tsada, kuma ranar da kika bar jami'a za ki so abin da za ki yi aiki da shi ba tare da satar manhaja ba.

Ranar saye kada ki yi gaggawa, kuma ki tafi da wanda ya san kan abin. Ki nemi a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Zai fito da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu. In ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, ki sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. A kashe na'urar a kunna, a shiga BIOS, wato shafin saitin da ke fitowa kafin Windows ta tashi, a gabanki, ki tabbatar ba ta neman kalmar sirri. Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini kwamfuta mai kyau da ya saya da araha, ashe BIOS ɗinta a kulle yake da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da ita a waje, wanda ya sayar masa kuma ya ce shi ma haka ya saro ta. Yaron nan ya yi makonni yana zarya, abin ya tsaya mini a rai. Irin wannan tarkon yana nan a Mac ma: in mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, ranar da aka goge ta za ta kulle, ba mai buɗe ta sai shi.

Ki danna kowane maɓalli na kibod, ki buɗe farin shafi ki duba sikirin ko akwai tabo ko layi, ki gwada kowace kafar USB da filashinki, da kyamara da sifika da Wi-Fi. Ki buɗe murfin ki rufe sau da yawa ki ji ko maɗaurin yana ƙara. Ki bar ta tana aiki kamar minti ashirin ki taɓa ƙasanta, domin wadda ta yi zafi a cikin shago mai fanka, a zafin watan Afrilu kashe kanta za ta riƙa yi. Caja kuma ki dage sai ta asali. Jabun caja, haɗe da wutar janareta mai hawa da sauka, suna cikin abubuwan da na fi gani suna ƙona bod.

Tunda riƙe caji ne ya ja hankalin yayanki, ga abin da zai kwantar masa da rai: T480 da yawancin waɗanda suka biyo bayanta suna caji ta kafar USB-C, don haka fawa bank mai ƙarfin wat 65 zai iya ciyar da su in an ɗauke wuta a hostel. Ki tabbatar da wannan a kan wadda za ki saya kafin ki biya. Sannan ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da sunan shago, a rubuta kwanakin garantin da aka ba ki a kai, ko da mako biyu ne, kuma a cikin kwanakin nan ki ɗora mata manhajojin sashenku ki ba ta aiki mai nauyi.

Ki koma shagon ki karanto mini lambar furosesar HP ɗin, da yawan RAM ɗinta, da abin da takardar batir ta nuna. In kin turo, zan gaya miki ko ta kai kuɗin da aka sa mata.