Me ya kada fim ɗin Cats duk da miliyoyin dalolin da ya ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar wasan kwaikwayo ce a nan Kano. Malaminmu ya kawo mana Cats cikin finafinan da suka ci kuɗi suka faɗi warwas. Mu da muka tashi da kallon Indiya da finafinan Hausa mun san waƙa ce ke sayar da fim. To yaya wannan, da yake waƙa tun daga farko har ƙarshe, ya ƙi karɓuwa? Daga mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba waƙar ce ta kada shi ba. Asalin Cats wasan waƙa da rawa ne da mutane ke fitowa a matsayin kyanwoyi. Mai tsara kiɗa Andrew Lloyd Webber ya fito da wasan a dandali a Landan a 1981, aka shekara 21 ana yinsa a can, a Broadway ta Amurka kuma shekara 18. Daraktan fim ɗin, Tom Hooper, shi ma ba sabon hannu ba ne, don shi ya mai da wani wasan waƙa na dandali, Les Misérables, fim a 2012, ya tara sama da dala miliyan 400.

A ido matsalar take. Ki tuna yaro mai tashe da azumi, ya manna auduga a haɓa, ya riƙe sanda yana takawa da kyar. Duk layin an san yaro ne, kuma sanin nan shi ne daɗin abin. Haka mai kallon dandali yake. Yana hango mutum daga nesa, da fenti a fuska da jela a ɗaure, sai zuciyarsa ta ƙarasa masa kyanwar. Su kuwa masu fim sai suka ce kwamfuta ce za ta ƙarasa. Aka lulluɓe 'yan wasa da gashi, kunnuwa na motsi a tsakar ka, amma fuska ta mutum, yatsu na mutum. Kyamara kuma ta matso da abin har gaban hancinka. Akwai inda ake ganin hannun 'yar wasa Judi Dench sak, har da zobenta. Kyankyasai ma fuskar mutane aka sa musu. Ba mage ba, ba mutum ba, sai tsigar jiki ta tashi. Tun da aka saki tallan fim ɗin a Yulin 2019 jama'a suka yi masa caa, amma ba a ɗaga ranar fitowarsa ba. A gurguje aka gama aikin, har sai da kamfanin Universal ya aika wa gidajen sinima gyararren kwafi bayan an riga an fara nunawa.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne masu rawar. Jarumar fim ɗin, Francesca Hayward, gwana ce a ƙungiyar rawa ta Royal Ballet da ke Landan, shekaru ta yi tana horar da jikinta, amma gashin kwamfuta ya rufe wannan wahala, mai kallo ya kasa bambance abin da ƙafarta ta yi da abin da na'ura ta zana.

Sai batun labari, kuma nan tambayarki ta fi ƙarfi. A fim ɗin Indiya waƙa kan labari take hawa: an raba masoya, uwa ta rasa ɗa, kin damu da su kafin a buga ganga. Cats kuwa daga rubutattun waƙoƙin yara na marubuci T. S. Eliot na 1939 aka ɗauko shi. Kyanwa ta fito ta faɗi ko ita wace ce, ta wuce, wata ta shigo, a ƙarshe a zaɓi ɗaya. A dandali rawa da zufar 'yan wasa kan riƙe mutum. A sinima ba wanda zai ji tsoron kada wani abu ya samu jarumar.

Lissafin bai yi kyau ba. An kashe kusan dala miliyan 95 ban da kuɗin talla, aka samu wajen miliyan 75 a duk duniya, kuma masu sinima kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Ga shi an sake shi ranar 20 ga Disamba 2019, rana ɗaya da sabon Star Wars, kuma a kwanaki ukun farko a Amurka Cats ko miliyan 7 bai haɗa ba.