Gidan 'yar tsana na haɗawa: a sayar a kwali ko a haɗa tukuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan kyauta a Kaduna. Na ga ƙananan gidajen 'yar tsana da ake kawowa daga Chaina a kwali, da gado da kujeru da fitila, mutum ya haɗa da kansa. Ina so in saro guda 30, in riƙa haɗawa ina sayarwa. Akwai riba kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Akwai riba, amma mafi yawanta tana cikin sayar da kwalin yadda ya zo. Haɗawa ita ce mai cinye kuɗi ba tare da kin lura ba.

Gida mai cikakken ɗaki ɗaya yakan ci awa 15 zuwa 25, domin kowace kujera sai an manna ƙafafunta, kowane fure sai an yanka takarda an naɗa a waya. Mu yi lissafi da misali. A ce kwali ɗaya ya iso miki a kan naira 20,000 har da kuɗin dako, mai haɗawa kuma ya karɓi naira 1,000 a kowace awa, ya yi awa 20. Gidan ya tsaya miki a naira 40,000, ba a sa gam da batir da murfin roba na kare ƙura ba, ba a sa wanda zai lalace a hannun ɗan koyo ba. Idan mai saye ba zai wuce wannan kuɗin da gwaɓi ba, wahala kawai kika sha.

Saboda haka kada ki fara da 30. Ki saro 10, kala uku ko huɗu. Ki haɗa ɗaya ki kunna fitilarsa a gaban shago, shi zai jawo mutane. Sauran ki sayar a kwali. Wanda ya ce a haɗe yake so, ya ba da rabin kuɗi kafin a buɗe kwalin, ki ba shi mako biyu.

Kafin ki biya dillali, ki tambayi ma'aunin gidan. Akwai 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya ta gidan gaske, akwai kuma 1:24, rabin wancan. Yawancin na kwali sun fi kusa da 1:24, kuma kujerar 1:12 ba za ta zauna a cikinsu ba, don haka kada ki saro ƙarin kayan ado sai kin tabbatar ma'auninsu ɗaya ne. Ki kuma tambaya ko akwai gam da batir a ciki. Sau da yawa ana cire su saboda dokar ɗaukar kaya a jirgin sama, sai mai saye ya dawo yana cewa an ba shi kaya ba cikakke ba. Ki tanadi naki ki haɗa masa, ki sa a farashi.

Wajen haɗawa, abu uku ne ke ɓata aiki. Na farko gam. Katako da takarda farin gam na kafinta suke so, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace, domin idan ya yi yawa takardar bango takan tattare. Supa gulu kuwa yana barin farin tabo a jikin robar taga, kuma yana da wuyar fita. Na biyu wayar fitila: a gwada ta da batir tun kafin a manna komai, a bi da ita inda za ta bi, sannan a rufe bango da rufi. Irin waɗannan fitilun ba sa kamawa idan an juya wayoyin, kuma in an riga an manna rufi, gyara sai da ɓalle gidan. Na uku gaggawa. A fara gwada kowane katako a gurbinsa ba gam, a goge bakinsa da samfefa, a yi fenti da manna takardar bango tun allunan suna kwance.

Murfin roba mai kama da gilashi kada ki ɗauke shi a matsayin ado. Ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin waɗannan ƙananan kaya ba ta goguwa, don haka ki zaɓi gidajen da ke zuwa da murfi, ko ki sa masu yankan roba su yi miki.

Abin da na fi so ki kula da shi, Hajiya, shi ne wanda za ki sayar wa. Wannan ba kayan wasan ƙananan yara ba ne. Yawancin kwalayen an rubuta shekara 14 zuwa sama, kuma akwai duwatsun ado da ƙananan batura da yaro zai iya haɗiya. Ki faɗa wa iyaye wannan da bakinki. Masu sayen kayanki su ne 'yanmata da ɗalibai da masu neman kyautar biki ko adon falo.

Gida a haɗe kuma kada ki ba direban tasha. A cikin gari a kai shi da hannu, na wani gari a tura masa kwalin.