Ubuntu ta cika, Windows kuma na da fili: ya zan ƙara mata wuri?

Tambaya: Malam, laftof ɗina mai faifai 500GB na ɗauke da Windows 11 da Ubuntu. Lokacin da aka saka min, 30GB kawai aka ba Ubuntu, yanzu kullum sai ta ce wuri ya ƙare. Windows kuwa tana da sama da 200GB a banza. Zan iya ƙara mata ba tare da na rasa kayana ba? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma a bi a hankali. Su kansu masu Ubuntu 25GB suke cewa a tanada don saka ta, ka ga 30GB da ma ba za ta kai ka ko'ina ba.

Kafin komai, kwafe takardunka da hotunanka zuwa wani faifai na waje. Sannan ka duba ko BitLocker, manhajar Windows mai kulle bayanan faifai, a kunne take, domin laftof da yawa da ake saya a Farm Centre ko Beirut Road haka suke zuwa, mai su bai sani ba. In a kunne take, ka nemo lambobin nan 48 na buɗe ta ka rubuta a takarda, ka dakatar da ita tukuna.

Rage Windows daga cikin Windows za ka yi. Buɗe Disk Management, danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume, ka cire kamar 100GB. In ta ƙi ba ka yadda kake so, wasu fayilolin da ba sa motsi ne suka tare hanya. Kashe Hibernation, wato tsarin da ke ajiye aikinka a faifai kafin kwamfuta ta mutu, ka sake gwadawa. Za ka ga wani ɗan ƙaramin ɓangare mai suna EFI, yawanci 100MB zuwa 260MB. Kada ka taɓa shi. Daga nan Windows da Ubuntu duka suke tashi.

Ga inda aikin yake. Filin da ka samu zai fito ne a gaban Ubuntu, ta hagu, alhali ɓangare ta ƙarshensa yake faɗaɗa cikin sauƙi. Kafin a haɗa su sai GParted, manhajar tsara ɓangarorin faifai, ta kwashe Ubuntu gaba ɗaya ta matsar da ita hagu, kamar mai son ƙara ɗaki ta ƙofar gida, dole sai ya tayar da zaure. Ba a yin wannan Ubuntu tana aiki, sai ka tashi kwamfutar daga filashin da aka saka Ubuntu a kai. Aikin na iya ɗaukar sa'o'i a tsohon faifai, in kuma batir ya mutu ana tsaka, kayanka na iya lalacewa. Da yadda wuta take a garin nan, kada ka fara sai batirinka a cike, caja a jone.

Ni dai da ni ne, ba zan matsar da komai ba. Zan mayar da sabon filin ɓangare mai zaman kansa, in kwashe manyan fayiloli can. In Ubuntu kaɗai za ta yi amfani da shi, yi masa tsarin ajiyar fayiloli na Ubuntu, wato ext4. In kana son Windows ma ta gani, sai NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows, don Windows ba ta karanta ext4 da kanta. A nan sai ka kashe Fast Startup, tsarin saurin tashi, a Windows, in ba haka ba Ubuntu za ta buɗe wurin amma ta hana ka ajiye komai a ciki.

Kafin duk wannan ma, buɗe Terminal a Ubuntu ka rubuta sudo apt clean don share fayilolin saka manhajoji da suka taru, ka leƙa Downloads ka share abin da ba ka buƙata. Zai ba ka ɗan sarari har ka samu faifan da za ka kwafe kayanka.