Laftof ɗinka ba ta mutu ba don ta ƙi hawa Windows 11

Wa alaikumus salam malam. Na ga tambayarka, ka ce laftof ɗinka mai firosesa i5-7200U da ram 4GB tana ta fito maka da saƙo wai Windows 10 ya daina samun tallafi, ka gwada ɗora Windows 11 ta ƙi karɓa, ga shi dama tana jan ƙafa, shin ka haƙura da ita ka sayi sabuwa ne ko akwai wata dabara. Wasu sun ce maka kawai ka sayi sabuwa, wasu kuma sun ce ba komai ci gaba da harkarka, to ni dai a ganina duka ɓangarorin sun yanke maka zance ne, bari in ɗan ja maganar tunda na jima ina fama da irin waɗannan tsofaffin na'urori, tawa da na 'yan'uwa da abokai da suke kawo min in duba musu.

Matsala biyu ka haɗa wuri ɗaya. Jan ƙafar da take yi daban, maganar ƙarewar tallafi daban, kuma maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Bari in fara da tallafin. Windows 10 ya fito ne a Yulin 2015, Microsoft kuma suka janye hannunsu daga kansa ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan ba ya nufin kwamfutar za ta ƙi tashi ko fayilolinka su kulle, a'a komai zai ci gaba da aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne afdet ɗin tsaro da suke saki duk ranar Talata ta biyu a wata, wanda da shi ake toshe ɓarakar da aka gano. Inda haɗarin yake shi ne Windows 10 da 11 abubuwa da yawa a cikinsu iri ɗaya ne, to duk lokacin da aka toshe wata ɓaraka a 11, masu kutse sai su zauna su bi diddigin me aka gyara, su koma su duba 10 ko ɓarakar tana nan, sau da yawa kuma tana nan ɗin, sai dai ita babu mai zuwa ya toshe ta. Kamar gida ne da mai gyara ya daina zuwa, yau ba za ka ga komai ba, amma duk damina sai wani wuri ya tsage kuma haka zai zauna.

Wanda ya tuna bairos ɗin WannaCry na watan Mayun 2017 ya san ba tsoratarwa ba ce kawai. Cikin 'yan kwanaki ya shiga ƙasashe sama da 150, yana kulle fayilolin mutane yana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Abin haushin, maganin wannan ɓarakar an sake shi tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin abin ya faru, waɗanda ya cinye mafi yawansu masu Windows 7 ne da ba su yi afdet ba. Su a lokacin akwai gyaran, sakaci ne ya hana su ɗauka, kai kuma nan gaba ko kana so babu inda za ka samo shi.

Amma kuma kar wani ya ɗaga maka hankali kamar gobe za a kwashe maka akawun. Abin a hankali yake zuwa. Windows 7 an daina tallafa masa a Janairun 2020, amma Chrome bai bar shi ba sai farkon 2023, bashon 109 ne na ƙarshe da ya samu. Haka 10 ɗin ma zai kasance, burauza da sauran manhajoji za su ci gaba da tafiya da shi na wani lokaci sannan su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma Defender, manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, zai ci gaba da samun sabon jerin bairos har 2028. Sannan akwai tsarin da suke kira ESU, ƙarin shekara ɗaya ta afdet ɗin tsaro ga mutane irinmu har 13 ga Oktoba 2026. Ka shiga Settings wajen Windows Update, in Windows ɗinka 22H2 ne, wato bashon na ƙarshe na Windows 10, kuma ka yi afdet ɗin baya duka za ka ga inda za ka yi rajista, ana buƙatar akawun na Microsoft, akwai hanyar biya akwai kuma ta kyauta in ka yarda saitinka ya riƙa ajiyuwa a akawun ɗin. Wannan shi ne abu na farko da zan ce ka duba, don yana ba ka sararin yin tunani ba tare da gaggawa ba.

Dalilin da ta ƙi Windows 11 kuwa yana cikin lambar da ka rubuto. i5-7200U, wannan 7 ɗin na farko bayan layin shi ne janareshon, wato na bakwai, su kuma sun ja layi ne daga na takwas zuwa sama a Intel, a AMD kuma galibi daga Ryzen 2000. Bayan firosesa suna neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro ne a cikin kwamfutar) da Secure Boot (saitin tsaro na lokacin tashin kwamfuta) da ram aƙalla 4GB da wurin ajiya 64GB. Ga sauran masu karantawa da tasu ta takwas ce ko sama amma ta ƙi, kar ku yi saurin yanke ƙauna, da yawa TPM ɗin yana nan a kashe yake kawai. Ku danna Windows da R ku rubuta tpm.msc ku gani, in ya ce babu ku shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta take tashi, ku nemi PTT in Intel ce, ko fTPM in AMD ce, ku kunna. Na ga kwamfutocin da aka kusa rabuwa da su saboda wannan ɗan saitin kaɗai. Taka dai malam ko TPM ɗin yana nan firosesan ne ya faɗo bayan layi, kuma ni a ra'ayina layin nan an ja shi da tsauri, na'urar da take buɗe burauza da Word lafiya lau a ce ta tsufa saboda tazarar shekara ɗaya, da wuya mutum ya gamsu.

Na san wani zai ce maka ka yi amfani da manhajar Rufus. E gaskiya ne, Rufus yana haɗa maka flash ɗin Windows 11 ya cire binciken TPM da sauran sharuɗɗan, kuma a kan janareshon na bakwai yana hawa yana aiki, na yi wa mutane. Sai dai ka san abin da ka shiga, Microsoft sun faɗa ƙarara ba su ɗauki alkawarin ba irin wannan na'ura afdet ba, na wata-wata yakan zo amma babban na shekara yawanci ba ya zuwa da kansa sai ka sake bin hanyar da hannu, in ka manta kuma bashon ɗin da kake kai shi ma wa'adinsa ya ƙare ka koma gidan jiya. Kuma suna iya ƙara matsa ƙofar duk sanda suka ga dama, a bashon 24H2 na Windows 11 sun riga sun yi, tsofaffin firosesa irin su Core 2 Duo ko da dabara ba sa tashi. In kai mai son taɓe-taɓen kwamfuta ne bismillah, in kuwa so kake ka kunna ka yi aiki ka kashe, ban ba ka shawarar nan ba.

Yanzu jan ƙafar. Wallahi kusan duk laftof ɗin wancan zamanin da aka kawo min ana kuka da ita, ba firosesa ba ne kuma ba bairos ba ne, hadis ne, wato hard disk ɗin da ke ajiye fayiloli. Ka danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka kalli Disk, in ka ga an rubuta HDD kuma yana manne a 100% ko ba ka buɗe komai ba to ka kama ɓarawon. HDD faifai ne yake juyawa a ciki, na laftof yawanci zagaye 5400 a minti, da ɗan hannu yana yawo a kansa yana neman bayanai, da ƙyar yake wuce 100MB a sakan, SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiyar da za ka maye gurbin HDD da shi, babu abin da yake motsi a cikinsa, ko mai arhar nan na SATA yana kai 500MB, kuma inda ya fi nuna bambanci shi ne wajen ɗauko ƙananan fayiloli barkatai wanda shi ne aikin da Windows yake yi dare da rana. Kwamfutar da kake kunnawa ka tafi ka dawo ba ta gama shiri ba, da SSD kafin ka gyara zama ta tashi. Ram ɗin ma 4GB ya yi kaɗan a yau, Windows kaɗai ya cinye fiye da rabi kafin ka buɗe Chrome, in ya cika sai ta koma tana aro daga hadis ɗin da dama shi ne mai ciwon. Ka kai shi 8GB in akwai gurbi, amma a buɗe a duba tukuna don wasu nasu a like yake da bod, kuma a duba DDR4 ne ko DDR3L kafin a saya. Waɗannan biyun, sa SSD da ƙara ram, ko wace hanya ka bi daga baya ba asara ba ne, in ma ka sayi sabuwa SSD ɗin sai ka sa shi a kes ya zama na ajiya.

Hanyar da ni na fi karkata gare ta ga irin na'urarka ita ce ka maye gurbin Windows da wani tsarin da ake kira Linux, musamman Linux Mint. Na san da an ce Linux mutane sai su hango baƙin allo da rubutu yana gudu, wancan tsohon labari ne, Mint yana da menu a ƙasa ta hagu da foldoji da komai kamar yadda ka saba, kyauta ne, kuma Mint 22 zai ci gaba da samun afdet har 2029. Dama wayar Android da ke hannunka a kan Linux aka gina ta. Abin da na fi so shi ne ba sai ka goge komai ba kafin ka gwada, ka sa shi a flash ka tashi kwamfutar daga flash ɗin, ka duba wayifai da sauti da kyamara da firinta ɗinka ko suna aiki, in bai yi maka ba ka zare flash ka koma Windows ɗinka ba abin da ya taɓu. Chrome da Firefox da Zoom da VLC da Telegram duk suna nan, WhatsApp ta burauza.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, Photoshop da CorelDRAW da AutoCAD da Microsoft Office na kan kwamfuta ba sa hawa kai tsaye. Akwai LibreOffice yana buɗe fayilolin Word da Excel kuma don wasiƙa da lissafi na yau da kullum ya wadatar, amma takarda mai tebur da yawa da ado wani lokacin sai ka ga layuka sun goce, Excel mai makro (ƙananan umarni masu yin aiki da kansu) kuwa kar ma ka sa rai. In da ɗaya daga cikin waɗannan kake cin abinci to Linux ba naka ba ne, kar masu zuga su sa ka wahala. Akwai kuma ChromeOS Flex na Google ga wanda duk aikinsa a burauza yake, mara nauyi ne sosai amma kusan komai nasa sai da intanet.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, mutum zai zo yana fargabar ƙarewar tallafin Windows 10, ka buɗe kwamfutarsa ka tarar Office kirak wato na sata, Photoshop ma kirak, ya kashe Defender da hannunsa saboda wani bidiyo ya ce sai an kashe kafin aktibeta, wato manhajar da ke buɗe su ba tare da lasisi ba, ta yi aiki. Wannan ya fi rashin afdet haɗari nesa ba kusa ba, kai da kanka ka ba manhajar da ba ka san wanda ya haɗa ta ba izinin admin, irinsu ne suke kwashe fasiwod ɗin da aka ajiye a burauza. Ko Windows 11 sabo fil kake da shi in haka kake yi ba abin da ya tsare maka.

In kuma aikinka ya tilasta sai Windows kuma ka yanke sayen wata, ko ta hannu ce, lambar janareshon za ka kalla ba i5 ko i7 da aka manna a jiki ba. i7-7500U kwa (core, wato injin aiki a cikin firosesa) biyu gare shi kuma ba ya cikin jerin Windows 11, i5-8250U kwa huɗu gare shi kuma yana ciki, amma mai sayarwa zai nuna maka stikar i7 ya ce ita ce babba. In da hali ka haura na takwas ɗin ma don shi ne a bakin layi, ram 8GB ko 16GB, SSD dole. Waɗannan da ake ta talla yanzu masu AI da Copilot+ kar su ɗauke maka hankali, don rubutu da burauza da kallon bidiyo ba ka buƙatar su.

Kafin a taɓa komai, ko canjin hadis ko fomatin ko Linux, ka kwafe fayilolinka a wani wuri daban ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu, in kuma BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle hadis, a kunne yake ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a akawun ɗinka na Microsoft ka rubuta a takarda. Ka faɗo mana manhajojin da kake aiki da su kullum da abin da Task Manager ya nuna maka a wajen Disk, daga nan zan iya ce maka ga wadda za ka bi tsakanin Mint da sayen wata.